Tambayoyi da Amsoshi kan Sana'ar Tausa da Haƙƙin Wanda Ake Yi wa

Tausa ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Jika yana taka wa kakarsa baya, 'ya tana matsa wa mahaifiyarta ƙafa bayan ta wuni a tsaye, ungozoma kuma tana gasa wa mai jego jiki. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne yawan waɗanda suka ɗauke ta sana'a, wasu a shago, wasu a wuraren motsa jiki da gidajen gyaran jiki, wasu kuma suna bi gida-gida idan an kira su a waya. Da zarar kuɗi ya shiga tsakani, kuma mutum ya miƙa jikinsa ga hannun wanda bai sani ba, sai wasu haƙƙoƙi su taso waɗanda babu su a tausar cikin gida. Amsoshin da ke tafe an tsara su ne domin masu neman tausa da kuma masu koyon sana'ar.

Mene ne bambancin mai tausa da likitan gashin ƙashi da mai ɗori?

Likitan gashin ƙashi ya yi karatun digiri na shekara biyar ko shida a jami'a, ya yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sannan yana da rajista da hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta shekarar 1988 domin kula da wannan fanni a Najeriya. Shi ne yake da hurumin duba mara lafiya ya tsara masa jinya bayan shanyewar ɓarin jiki ko karaya ko tiyata. A Kano ana samun irin waɗannan likitoci a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma Jami'ar Bayero tana yaye su. Mai ɗori kuwa galibi gadon sana'ar ya yi, kuma aikinsa a kan ƙashi yake.

Mai tausa aikinsa ya tsaya a kan tsoka da fata. Ba shi da hurumin gaya wa mutum sunan cutar da ke damunsa, ko rubuta masa magani, ko mayar da ƙashin da ya goce, ko murɗe wuya har ya yi ƙara. Wannan iyaka ba ƙasƙanci ba ce ga sana'ar, domin wanda ya san inda hannunsa ya tsaya shi ne likitoci suke yarda su turo masa mutane.

Wane irin horo ya kamata mai tausa ya samu?

Ƙasashen da suka tsara sana'ar sun ɗora mata sharuɗɗa masu nauyi. A Amurka yawancin jihohi ba sa barin mutum ya yi tausa don kuɗi sai da lasisi, kuma da yawansu suna neman karatun sa'a 500 zuwa sama, jihar New York ma sa'a 1,000 take nema. A Jamus horon shekara biyu da rabi ne, har da wata shida na aiki a ƙarƙashin kulawa. A Tailan, inda tausar gargajiyarsu ta shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2019, akwai makarantu da suka shahara da koyar da ita, irin ta Wat Pho da ke birnin Bankok.

A nan gida kwasa-kwasan sun sha bamban ƙwarai, daga na 'yan kwanaki zuwa na watanni, saboda haka takardar da aka rataya a bango ba ta isa hujja ba. Wanda zai kwanta a gadon tausa yana da damar ya tambayi inda aka koyi aikin, da tsawon lokacin da aka ɗauka, da ko akwai malamin da ya tsaya ya duba hannun ɗalibi a kan jikin mutum. Mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne sanin tsarin ƙasusuwa da tsokoki da manyan jijiyoyi, da sanin cututtukan da suke hana tausa, da iya ba da taimakon farko idan mutum ya suma ko numfashinsa ya sarƙe. Ƙwararre ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Me ya sa ake jero mini tambayoyi alhali tausa kawai na zo yi?

Saboda a cikin waɗannan mintoci goma na farko ne ake raba tausar da za ta amfana da wadda za ta cutar. A ganina wannan zama ya fi duk wata dabarar hannu muhimmanci, kuma shi ne abu na farko da ya kamata a auna mai tausa da shi. Zai tambayi inda ciwon yake, da lokacin da ya fara, da abin da ke tayar da shi, da abin da ke lafar da shi. Zai tambaya ko akwai hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko juna biyu, ko tiyatar da aka yi kwanan nan, da irin magungunan da ake sha, har da na gargajiya. Zai kuma tambaya ko akwai man da fata ba ta shiri da shi.

Ya kamata ya rubuta amsoshin, ya sake dubawa duk ranar da mutum ya dawo, domin wanda ya zo lafiya lau watan jiya yana iya dawowa yau da sabon magani a aljihu. Shi ma mai neman tausar akwai nauyi a kansa. Mutanenmu suna da al'adar amsa kowace tambaya da "lafiya lau", kuma da yawa suna ɓoye ciwo don kunya ko don gudun kada a ce ba za a yi musu ba. Wanda ya ɓoye cewa yana shan maganin tsinka jini, alal misali, ya jefa kansa da mai tausar cikin haɗari.

Su wane ne bai kamata a yi wa tausa ba?

Na farko shi ne mai zazzaɓi. Ciwon jikin da zazzaɓin cizon sauro ko taifot ke kawowa yana sa mutum ya yi marmarin a danna shi, amma abin da yake buƙata gwaji ne da magani. Idan zafin jiki ya kai digiri 38, a ɗage tausar.

Na biyu, kuma wanda ya fi ban tsoro, shi ne wanda ake zargin jini ya daskare masa a jijiyar da ke can cikin ƙafa. Alamarsa ita ce sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, ta yi ɗumi, ta yi tsami idan an taɓa, wani lokaci launin fatar ya sauya. An fi ganin haka ga wanda ya yi doguwar tafiya a zaune, kamar daga Kano zuwa Legas a mota ko dawowa daga aikin Hajji a jirgi, da wanda ya daɗe kwance yana jinya, da wanda aka yi wa tiyata, da mai juna biyu, da mai jego a makonni shida na farko. Irin wannan mutum yakan zo ne yana cewa ƙafarsa ta riƙe, a murza masa. Idan aka murza, gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi jini zuwa huhu ya toshe hanya, kuma hakan yana kisa cikin ɗan lokaci. Babu wata tausa mai sauƙi da ta halatta a nan. A kai shi asibiti a ranar.

Sai kuma wuraren da ake tsallakewa ko da an yi wa sauran jiki: buɗaɗɗen rauni, ƙuna, maruru, gyambo, ƙazuwa, makenkero, kaluluwar da ta kumbura, jijiyoyin ƙafa da suka fito suka murɗe, da duk wani ƙullutu da likita bai duba ba. Sabon targaɗe ba a murza shi a kwana biyu zuwa uku na farko. Inda ake zargin karaya ko tsagewar ƙashi ba a taɓa shi sam sai an ɗauki hoto, musamman gwiwar hannun yara, wadda yawan murza da miƙarwa da ƙarfi ke sa ta ƙage har ta kasa lanƙwasuwa. Gaban wuya, inda manyan jijiyoyin jini suke hawa zuwa kai, ba wurin dannawa ba ne ga kowa.

Akwai kuma waɗanda ake yi musu, amma da taka-tsantsan da sanin likitansu. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin yana iya samun taruwar jini a ƙarƙashin fata daga matsar da wani ba zai ji komai ba. Tsoho ko tsohuwar da ƙashinsu ya yi rauni ba a hawa bayansu, ba a danna haƙarƙarinsu. Mai ciwon sukarin da ƙafarsa ta fara mutuwa ba zai ji zafi ba ko da ana ji masa ciwo, don haka mai tausa ya duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu da idonsa, ya lura da faso, ya gwada ɗumin ruwa ko tawul da gwiwar hannunsa kafin ya ɗora. Mai sikila yana iya jin daɗin tausa mai laushi da ɗumi a ranakun da yake lafiya, amma ba a sa masa ƙanƙara, kuma idan ciwon ya tashi tare da zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, asibiti ne wurinsa. Mai hawan jinin da yake shan magani kuma awonsa ya daidaita babu laifi a yi masa, amma wanda awonsa ya kai 180 bisa 120 likita yake buƙata nan take.

Ciwon baya ne yake damuna. Yaushe tausa ta isa, yaushe kuma sai asibiti?

Ciwon baya shi ne abin da ya fi kawo mutane, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a 2020. Yawancinsa na tsoka ne da gaɓɓai, irin na tela da direba da ma'aikacin ofis da matar da take wanki a sunkuye, kuma yakan lafa cikin 'yan makonni.

Amma akwai alamun da idan mai tausa ya ji su wajibi ne ya janye hannu. Idan mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafafunsa suna ƙara rauni kullum, to mai yiwuwa jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne, kuma jinkirin kwana ɗaya yana iya barin nakasa. Idan ciwon yana tayar da mutum cikin dare, ga rama, ga zazzaɓin yamma da gumin dare, a tuna cewa tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma har yanzu ana ganinsa a asibitocinmu. Haka nan ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur, da ciwon baya ga wanda ya taɓa yin ciwon daji. Ciwon kwiɓi tare da zafin fitsari yana iya zama na ƙoda, ciwon kafaɗa ko hannun hagu tare da nauyin ƙirji da gumi kuwa yana iya zama na zuciya. Mai tausar da ya ce "wannan ya fi ƙarfina, je ka ga likita" ya yi asarar kuɗin rana ɗaya, amma ya sauke amanar da aka ɗora masa.

To, mene ne tausa take yi a zahiri, kuma mene ne ba ta yi?

Tana rage ciwon tsoka na ɗan lokaci, tana sassauta wuya da kafaɗar da suka ƙage, tana kwantar da hankali, kuma mutane da yawa suna samun barci mai daɗi bayanta. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani ga sabon ciwon ƙasan baya a jagorar da ta fitar a 2017. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila kuwa, a jagorarta ta 2016, ta amince da ita ne kawai idan an haɗa ta da motsa jiki. Wannan sharaɗi yana da ma'ana, domin sauƙin da tausa ke kawowa ba ya daɗewa idan mutum ya koma zaman da ya jawo ciwon.

Ba ta warkar da ciwon sukari, ko hawan jini, ko rashin haihuwa, ko shanyewar ɓarin jiki. Ba ta narkar da teɓa. Maganar da ake yawan yi cewa tana fitar da guba ko dattin jiki ba ta da tushe, domin hanta da ƙoda ne suke wannan aiki. Duk wanda ya yi alkawarin waraka daga irin waɗannan cututtuka, ko ya ce a ajiye maganin asibiti a dogara da hannunsa, a guje shi, komai daɗin bakinsa.

Dole ne sai na cire tufafina? Kuma ya batun namiji da mace?

Ba dole ba ne. Akwai tausar da ake yi a kan tufafi gaba ɗaya, kamar ta Tailan da shiyatsu ta Japan da wadda ake yi a zaune a kujera. Wadda ake yi da mai ita ce take buƙatar a buɗe wurin da za a yi aiki, kuma a nan ne ake gane tarbiyyar mai sana'a. Zai fita daga ɗakin ya bar mutum ya shirya, ya ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya dawo. Zai rufe jiki duka da zane ko babban tawul, ya buɗe gaɓa ɗaya tak. Idan ƙafa ce, sai ya naɗe zanen zuwa inda aka yarda, ya cusa gefensa a ƙarƙashin cinya yadda ba zai zame ba, idan ya gama ya mayar ya rufe kafin ya buɗe ɗayar. Idan za a juya daga rub-da-ciki zuwa rigingine, sai ya ɗaga zanen ta gefensa ya kau da kai. Al'aura ba ta cikin aikin ta kowace fuska, kuma wurare irin su ciki da saman cinya da ɗuwawu ba a taɓa su sai an bayyana dalili an nemi izini a fili.

A ƙasar Hausa addini da al'ada sun riga sun yanke hukunci cewa mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, kuma wannan tsari yana kare kowa daga zargi. Gidan tausar da ya san abin da yake yi yakan raba sashen maza da na mata, ya kuma bar mutum ya shigo da ɗan'uwansa ko 'yar'uwarsa idan yana so. Yaro kuwa ba a yi masa sai mahaifinsa ko mahaifiyarsa na cikin ɗakin.

Tsananin da ake yi a wannan babi yana da tarihi. A 1894 mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya ta fallasa cewa wasu gidajen tausa a Landan fakewa kawai suke yi da sunan sana'ar suna baɗala. A wannan shekarar ne wasu ma'aikatan jinya mata su huɗu suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, suka sa jarrabawa da ƙa'idojin ɗa'a domin su tsame kansu daga wannan suna. Ƙungiyar ta samu amincewar masarauta a 1920, kuma ita ce a 1944 ta zama ƙungiyar likitocin gashin ƙashi ta Birtaniya da ake da ita har yau. Matsalar da suka fuskanta ita ce take addabar masu sana'ar na gaskiya a biranenmu, inda wasu tallace-tallacen intanet suka sa mutanen kirki suke jin nauyin faɗin cewa sun je tausa. Maganinta shi ne wanda waɗancan mata suka kama, wato horo da ƙa'ida bayyananniya da korar duk wanda ya karya ta, ko ma'aikaci ne ko kwastoma.

An ce sai ta yi zafi take aiki. Haka ne?

A'a. Akwai tsamin da mutum yake jin daɗinsa idan an taɓo inda tsoka ta ɗaure, akwai kuma zafin da ke sa a riƙe numfashi a cije leɓe. Na biyun yana sa tsokar ta ƙara ɗaurewa ne. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan tausa mai ƙarfi ba abin damuwa ba ne, amma taruwar jini, ko mutuwar hannu, ko ciwon da ya fi wanda aka zo da shi, alamu ne na an wuce gona da iri.

Mutanenmu suna da kara, ba sa son su ce wa mai yi musu hidima ya yi ba daidai ba, maza kuma suna ganin jurewa jarumta ce. Don haka bai kamata mai tausa ya jira a yi magana ba. Shi zai riƙa tambaya, ya kuma lura da yatsun da suka dunƙule da kafaɗar da ta ɗaga. Izinin da aka bayar a farko ana iya janye shi a kowane lokaci, kuma kalmar "dakata" ta isa ba sai an kawo dalili ba.

Mai juna biyu da mai jego da jariri fa?

Mai juna biyun da cikinta yake lafiya tana iya amfana da tausa mai laushi a baya da kafaɗa da ƙafa, bayan ta sanar da inda take awo. Idan ciki ya tsufa a kwantar da ita a gefe, a sa mata matashi tsakanin gwiwoyi, domin doguwar kwanciyar rigingine tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya har ta ji jiri. Ba a murza ciki, kuma ba a yunƙurin juya kwanciyar jariri da hannu a gida, domin hakan yana iya ɓamɓare mabiyiya ko ya fasa mahaifa. Zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani tare da kumburin fuska da hannu da gani dishi-dishi, alamu ne na a garzaya asibiti.

Ga mai jego, ban da batun daskarewar jini da aka ambata, akwai ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda likitoci suka daɗe da shaida yawansa a Zariya da Kano da Sakkwato. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ba gajiyar haihuwa ke damunta ba, kuma ruwan zafi da matsa ba za su taimake ta ba. Wadda aka yi wa tiyata a bar wurin ɗinkin sai ya warke likita ya ba da izini. Jariri kuwa shafa ake yi masa da tafin hannu, ba danna ba, kuma a nisanta shi da man zafi da duk abin da ke da kafur.

Wace irin tsafta zan sa ido in gani, kuma wane mai ya fi dacewa?

Zanen gado da tawul sababbin wanki ga kowane mutum, ba a karkaɗe na wani a shimfiɗa wa wani. Mai tausa ya wanke hannu har gwiwa kafin ya fara da bayan ya gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa daƙiƙa 40 zuwa 60 ga wankin hannu da sabulu. Farce a yanke, zobe da agogo a cire, kuma idan shi kansa yana mura ko yana da rauni a hannu ya ɗage aikin.

Man kaɗanya da man kwakwa da man zaitun duk suna aiki. A lokacin hunturu man kaɗanya yakan daskare, sai a ɗebo da cokali mai tsabta a narkar da shi tsakanin tafukan hannu, kada a riƙa tsoma yatsun da suka taɓa jiki a cikin kwalba. Mai mai ƙamshi da ake tatsowa daga ganye da fure yana da ƙarfi sosai, ba a shafa shi zalla, ana diga kaɗan ne a cikin wani mai, kamar kashi 1 zuwa 3 cikin 100. Man zafi ba a haɗa shi da gasa jiki da abu mai zafi ko a ɗaure shi tamau, domin yana iya ƙona fata. Na kanti a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, haɗin da ba a san abin da ke ciki ba kuwa mutum yana da damar ya ƙi shi.

Wa zai san abin da na faɗa, ko abin da aka gani a jikina?

Babu kowa. Ciwon mutum, da tabon da ke jikinsa, da maganar da ta kuɓuce masa yana kwance, har ma da cewa ya zo wurin, duk sirri ne. Ba a kai shi majalisa, ba a ba wa mijinta ko matarsa ko kishiya labari. Littafin da ake rubuta bayanai a kulle shi, na waya a sa masa mabuɗi, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Ɗaukar hoto ko bidiyo don talla a Facebook ko TikTok ba ya halatta sai da yardar mutum a bayyane, bayan ya san inda za a sa, kuma rufe fuska kaɗai bai isa ba, domin a unguwa ana gane mutum da lallensa ko zobensa ko labulen ɗakinsa.

Zan iya kiran mai tausa gida?

Ana yi, kuma yana da amfani ga tsofaffi da matan da fita ke yi musu wuya. Sharaɗin shi ne a san juna ta hanyar wanda aka amince da shi, a yanke farashi da lokaci tun a waya, kuma a samu wani babba a cikin gidan. Ita ma mai tausar ta sanar da wani nata inda za ta da lokacin da za ta fito, kuma tana da cikakken haƙƙin tattara kayanta ta tafi idan ta ga take-taken da ba ta yarda da su ba.

Sau nawa ya kamata in zo, kuma yaya batun kuɗi?

Zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa 90. Farashi da tsawon lokaci a faɗe su kafin a fara, kuma a bayyana ko mintocin tambayoyi da sauya kaya suna cikin lissafi. Ga wanda ya zo don wani ciwo, ya dace a yi yarjejeniyar cewa bayan 'yan zama kaɗan za a tsaya a duba ko ana samun sauƙi. Idan ba a samu ba, gaskiya ita ce a tura shi wurin likita. Ba na ganin kyawun a tsorata mutum da cewa jijiyoyinsa sun lalace don ya biya kuɗin zama ashirin a dunƙule, ko a mayar da ɗakin tausa kantin sayar da garin magani. Haka nan wanda yake haɗa tausa da ƙaho ya sani cewa ya shiga wani babi dabam, domin inda jini ya fita akwai haɗarin yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma reza da kofi ba a maimaita su ga mutum biyu.

Idan aka ji mini ciwo ko aka keta mini haddi, me zan yi?

Idan ciwo ne, a fara zuwa asibiti a gaya wa likita ainihin abin da aka yi da man da aka shafa, a ajiye takardun da rasit, a ɗauki hoton wurin. Sannan a sanar da mai gidan tausar a rubuce. Mai sana'ar da ya san darajar aikinsa zai saurara, ya rubuta abin da ya faru, ya taimaka wajen neman magani. Idan wanda ya yi aikin ya kira kansa likitan gashin ƙashi, ana iya bincika rajistarsa a hukumar MRTB a kuma kai ƙara can. A Kano akwai hukumar PHIMA mai sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, sauran jihohi kuma ma'aikatar lafiya ce ƙofar farko.

Idan kuwa taɓawa ce ta rashin ɗa'a, ko magana ta batsa, ko leƙe, ko ɗaukar hoto a ɓoye, wannan laifi ne da ake kai wa 'yan sanda, kuma babu wani kaso na laifin da yake kan wanda aka yi wa. Mutane da yawa jikinsu yakan mutu a irin wannan yanayi su kasa magana ko motsi, daga baya su riƙa zargin kansu cewa ba su hana ba. Shiru a wannan hali ba yarda ba ce. A gaya wa wani amintacce tun da wuri, a rubuta rana da lokaci da abin da ya faru tun ana tune da shi, a adana saƙonnin waya, sannan a je kai ƙarar tare da rakiyar ɗan'uwa ko 'yar'uwa.